Katifar da Na Zaɓa wa Bakri

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Raliya ina kika shige", to ga ni. Ban mutu ba, ban kuma yi aure ba. Wadda ta rubuto min wai na cika jan rai, 'yar'uwa Allah ya ba ki haƙuri, ba jan rai ba ne, hannuna ne ya ƙi riƙe waya. Yau ma da ƙyar na zauna rubutun nan.

Saboda sababbin zuwa, sunana Raliya. A nan Madina aka haife ni, muna zaune a unguwar Bani Harisa, hawa na biyu, ni da Ummana da yayana Tahir wanda ya zame mana uba tun rasuwar Abba. Kakanninmu daga Damagaram suka taho aikin hajji suka zauna. Wanda nake so sunansa Bakri, Bahaushen Sudan ne, yana aiki a gonakin dabino na Al-Awali. An kawo gaisuwa, an sha gahawa, an karanta Fatiha, saura milka, wato ɗaurin aure kamar yadda muke ce masa a nan. Ana cikin haka yaƙin ƙasarsu ya isa ƙauyensu wajen Sinnar, wayar mahaifiyarsa ta daina shiga.

Ranar da ya zo faɗa mana zai tafi, bayan la'asar ce. Ina kicin ina haɗa shayi da na'ana na ji sallamarsa, muryar a dishe. Na leƙa ta jikin labule. Farar jallabiyarsa ta Juma'a ce a jikinsa, ya goge ta tas, amma wuyanta ya yi masa yawa saboda rama. Ya ajiye kwalin ɗanyen dabino a gaban Umma, sannan ya zauna a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, yadda yake zama tun da igiya ta tsinke da shi a kan dabino shekarun baya.

Ya ce, "An ce an ga Hajiyata cikin masu tafiya a ƙasa, sun yi gabas. Wanda ya faɗa bai tabbatar ba. Ni dai abinci ya daina wuce min a garin nan."

Yaya Tahir ya ce, "Mai gonar ya ba ka hutu?"

"Ya ce ba zai iya riƙe min gurbi ba, ban kuma ga laifinsa ba. Huruj niha'i na karɓa."

Fita ce ta dindindin. In zai dawo sai an nemo masa sabuwar biza daga farko.

Umma ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya sada ka da ita cikin aminci, ɗana. Ba ni zan ce kada ka nemi uwarka ba. Amma ka ji tawa. Babu milka kafin ka tafi."

"Ban zo nema ba, Umma."

"Ni ina nema," haka kawai na ji bakina ya faɗa daga bayan labule.

Yaya Tahir ya juyo ya ce, "Uskuti, ya binti." Wato in yi shiru; in ransa ya ɓaci Hausarsa guduwa take yi. Bakri kuwa kansa a ƙasa, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Bayan ya tafi Umma ta same ni a ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Kin san matar wanda ya ɓata? Ba ta da miji, ba ta da takaba, ba ta da ikon auren wani. Na ga irinsu a garin nan, sun tsufa suna kallon ƙofa. Ba ɗaurin kawai na hana ba, Raliya. So nake ki buɗe baki ki ce masa ba za ki jira ba. Ya tafi zuciyarsa sakayau, ke ma ki huta."

"Wallahi Umma ko za a yanka ni."

"Ba mai yanka ki. Shekaru ne za su yi aikin."

Na juya mata baya na yi kukana. Ina son Ummana, amma ranar na ji haushinta har wuya, don na san ba ƙarya take yi ba.

To tunda an hana ni binsa da igiyar aure, sai na fara tunanin abin da zan iya bin sa da shi. Abu ɗaya na sani game da Bakri wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba sai ni. Ba ya iya kwana a ƙasa. In ya kwana a kan abu mai tauri, da safe sai ya ja jiki ya dafa bango kafin ya miƙe, wani lokaci ƙafarsa ta hagu ta mutu har hantsi. Mutumin da zai bi ƙauyuka da ƙafa yana cigiya, yau ya kwana a tasha, gobe a gindin itace, in bayan nan ya ƙi masa a tsakiyar hanya wa zai ɗaga shi? Abin da ya tsaya min a rai ke nan, ya dawo da ransa da ƙafarsa. Sauran magana a yi ta daga baya.

Na tura masa saƙo. "Me za ka shimfiɗa in dare ya yi maka a hanya?"

"Ƙasar Allah, ya Raliya. Faɗi gare ta."

"Ba wasa nake ba."

"Ina da darduma."

"Darduma ta salla ce. Bayanka fa?"

Ya turo min fuskar nan mai dariya da hawaye, ya ce, "Bayana ya saba da rashin kunyarsa."

Na shiga waya neman katifar iska, irin wadda masu yawon duwatsu ke naɗewa su ɗaure a jaka. Jama'a, ashe duniya ce guda. Wata sai an haɗa ta da famfon lantarki, na ce ina zai ga wuta. Wata da kanta take shan iska in an buɗe bakinta, amma in an naɗe ta ta kai girman tulun gas. Wata ba ta fi gorar ruwa ba a naɗe, sai dai masu sharhi sun ce in ka juya a kanta ƙara take kamar ana murza leda. Akwai ma wata lamba da ake rubutawa a jiki, wai ita ke nuna yadda katifar ke tare sanyin ƙasa. Ni da ko rufin gidanmu ban taɓa kwana ba, sai ga ni ina gardama da Turawa a zuciyata kan kauri da nauyi. Har tuwo na ƙona saboda karatun sharhi.

Da na gaji da hotuna na ce sai na taɓa da hannuna. Yaya Tahir ɗan kashta ne, wato fita daji kwana da samarin nan ke yi in sanyi ya shigo, ya san duk shagunan kayan. Na same shi yana ɗaura takalmi.

"Yaya, kai ni shagon kayan kashta."

"Ke? Me za ki yi da tanti?"

Na faɗa masa. Ya kalle ni, sannan ya ɗauki makulli ya ce, "Yalla. Amma in mun je ki kama bakinki. Ba a tallar tafiyar mutum."

Wannan ba sai ya tuna min ba. Haka aka rene mu. A gidanmu ba a faɗin tafiya sai an isa, ba a faɗin ciki sai ya fito, saboda baki da ido. Abba ma in zai je Makka nan kusa, maƙwabta ba sa ji sai ya dawo da zamzam. Balle tafiya irin ta Bakri. Na saka baƙar abayata mara ado, na ɗaura niƙabi, muka fita.

Shagon cike yake da warin sabuwar roba da gawayi. Tantuna, butocin gahawa, fitilu, kujerun naɗewa har rufi. Mai shagon wani dattijo ne ɗan Chadi, Malam Barau, gemunsa ja da lalle. Da ya ji muna Hausa sai fuskarsa ta washe.

"Ah, 'yan gida ne. Katifar ta wa ce, ina kuma za a kai ta? Don ta rairayi daban, ta dutse daban."

Na buɗe baki, Yaya Tahir ya riga ni. "Daji kawai. Wani abokina ne zai yi yawo da ƙafa."

"Wane dajin? Wajen Khaibar, ko gaba?"

"Nan dai, nan dai," in ji Yaya. Ni ma na gyaɗa kai. Har na ji daɗin yadda muka rufe maganar.

Malam Barau ya sauko da guda uku ya baje a kan kafet. Ta farko ruwan lemo ce, shafal, kamar ba ka riƙe komai ba. Ya ce ita masu hawan dutse suka fi so, amma fatarta siririya ce, ƙaya ɗaya ta ishe ta. Ta biyu shuɗiya ce mai faɗi, ta kwanan gefen mota, na ɗaga na ji nauyi na ajiye. Ta uku ya buɗe bakinta, ya haɗa da 'yar jakar da take zuwa da ita, ya kamfaci iska ya matsa, ya sake, kafin ka ce me ta tashi tim. Kaurinta ya kai faɗin yatsu huɗu. Ya ce fatarta ninki biyu ce ta ƙasa, ga faci da gam a aljihun jakar ko da ta huje.

Na durƙusa na danna ta da gwiwar hannu da duk ƙarfina, ban ji ƙasa ba. Na murza ta, ba ta yi kuka ba.

"Me ya sa waccan ta yi wannan launi mai kashe ido?" na tambaya ina nuna mai ruwan lemon.

"Don in mutum ya ɓata a hango shi daga nesa, hatta daga jirgin sama."

A hango shi daga nesa? Bakri, a ƙasar da ake harbi? Na dubi ta ukun. Dabbare-dabbare ce, ruwan ƙasa da kore da baƙi-baƙi, irin launin kakin soja, jakarta ma haka. A shagon nan rabin kaya haka suke, daga hula har murfin butar shayi, samarinmu suna son sa don gayu. A raina na ce wannan in ya kwanta a kanta cikin ciyawa ko wanda ya zo wucewa ba zai gan shi ba.

"Akwai irinta a wani launin?" in ji Yaya.

Malam Barau ya ce akwai toka-toka, bari ya duba ciki.

"A'a Baba, bar shi," na ce. "Wannan nake so."

Ku ji fa. Akwai toka-toka. Mutumin har ya juya zai shiga ya ɗauko.

A gida ban yarda da maganar mai shago ba. Na kulle ɗaki na hura ta da bakina har jiri ya ɗebe ni, don in tabbatar ko jakar ta ɓata zai iya. Na ɗora mata buhun shinkafa da tulin barguna na bar ta yini guda, ba ta sauka ko kaɗan ba. Na zuba tsakuwa daga tukunyar fulawar Umma a ƙasa, na shimfiɗa ta a kai na kwanta rigingine, na juya dama na juya hagu. Ban ji komai ba sai daɗi. Na turara ta da turaren wutan da ya taɓa cewa yana so, na naɗe, na ɓoye a bayan akwatina. Ko Umma ban nuna wa ba.

Ranar tafiyar da sassafe Yaya Tahir ya kai Bakri tashar motar Jidda, don daga can zai hau jirgin ruwa zuwa Sawakin. Umma ta yi masa addu'a a bakin ƙofa ta ba shi dambun nama, ni kuma ta ce kada in sauka. Na miƙa wa Yaya ƙunshin a matattakala cikin baƙar leda. Ta taga na ga Bakri yana saka jakarsa a bayan mota. Ya ɗago kai sau ɗaya, bai san wace tagar ba, ya ɗaga hannu ga ginin gaba ɗaya.

Ba a jima ba saƙo ya shigo. Hoton katifar ce a cinyarsa cikin mota.

"Wannan fa?"

"Ta bayanka ce. Na hura ta da bakina na gwada, ba ta yoyo."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Daga ƙarshe ya ce, "Tun da na bar gida ba wanda ya taɓa tambayar a kan me nake kwana. Ba zan rabu da ita ba sai na dawo miki da ita."

Na rungume wayar. Ranar na ci abinci har da ƙari, Umma tana ta kallona ta gefen ido.

Washegari da hantsi Hala Huda ta zo yi mana bangajiya. Ƙanwar mahaifiyar Bakri ce, shi ya sa ake ce mata Hala, ta fito daga yaƙin bara, tana zaune wurin 'yarta a nan Madina. Mace ce doguwa, ta naɗe jikinta da tobi ruwan toka irin na matan Sudan, ba ta cika magana ba, in an rufe ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Muka zauna a ɗakin Umma da gahawa da dabino.

Ta ce, "Na yi masa faɗa sosai kafin ya tafi. Na ce ya aske gemun nan, ya sa silifas kada ya sa takalmi mai igiya. Na ce kafin ya sauka daga jirgi ya goge komai na wayarsa, hotuna da lambobi da manhajar saƙon gaba ɗaya, don a kowane shinge sai sun bincika. Ya ce ya haddace lambar Raliya, in ya sami sabon layi ita zai fara kira."

Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Tunda ya riga ya kama hanya, na ga babu laifi in nuna abin kirkin da na yi. Har da 'yar yangata na buɗe hoton na miƙa mata.

"Hala, kin ga abin da na saya masa saboda bayansa."

Ta karɓa ta nisanta wayar da idonta. Ta kawo ta kusa. Sai ta ajiye finjalin gahawar a kan kafet ya kife.

"Wannan yana cikin jakarsa?"

"Eh, Hala. Launin don kada a hango..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." A hankali ta faɗa, ba ta ɗaga murya ba. "Yarinya, ba a daji ake kama mutum ba. A shinge ake kama shi, da rana tsaka, an zazzage jakarsa a ƙasa. Waɗannan su ce na waɗancan ne, waɗancan su ce na waɗannan ne. Mu'azzam ɗin maƙwabciyata, a gabana aka sauke shi daga mota. Jakar goyo ce kawai mai irin wannan launin, a gwanjo ya saya tun yana makaranta. Uwarsa ta riƙe ƙafar mai bindigar tana rantsuwa. Motarmu ta tashi ba shi."

Umma ta ce, "Ya dawo?"

Hala Huda ta girgiza kai. Ta sake kallon hoton. "Ga shi sabo fil, ga saurayi mai ƙarfi ya fito daga waje. Me zai ce musu? Budurwata ce ta saya min?"

Ban san lokacin da na fizge wayar ba. Na shige ɗakina na kira shi. Hayaniya ce ta fara amsawa, kukan yara da lasifika.

"Muna cikin zauren tashar, an karɓi fasfo, jira muke a kira mu," ya ce. "Lafiya muryarki haka?"

"Bakri, katifar nan. Ka jefar da ita."

Ya yi dariya. "Jiya ma a kanta na kwana a ɗakin abokina Ubaidullah. Wallahi yau ban dafa bango ba."

Na faɗa masa abin da Hala ta ce, kalma da kalma, ina haki.

Ya ce, "Hala ta ga abin tsoro, komai tsoro yake ba ta. Zan naɗe ta cikin jallabiya a ƙasan jaka."

"Zazzagewa suke yi."

"To zan ce musu ta ciwon baya ce. Su ma mutane ne."

"Don girman Allah, Bakri. Zan sayi wata, toka-toka, in aiko maka."

"Ki aiko ina? Ni kaina ban san inda zan kwana jibi ba." Ya sassauta murya. "Ya Raliya, ba a ba ni ke ba. Wannan kaɗai na fito da shi daga Madina. Ki bar min."

Na ba Hala wayar, ta yi masa magana da Larabcinsu, yana ta "hadir, hadir", wato "to, to", irin amsar da yake yi in ya riga ya yanke abin da zai yi. Yaya Tahir ya kira Ubaidullah, abokin da ya raka shi, ya ce shi ya juyo tun ɗazu, ba a barin mai rakiya ya wuce ƙofar zauren. Na san Bakri. Mutumin da ya bar aiki da igama, takardar zamansa a ƙasar, saboda "an ce an gani", ba zai yar da abin da na hura da bakina don tsoro ba. Muddin yana ganin kyautar mai jiransa ce, sai dai a kashe shi a kanta.

Na zauna a bakin gado. Sai na rubuta abin da na rantse ko za a yanka ni ba zan faɗa ba.

"Tunda ba ka ganewa sai an fito maka fili, to ji. Na bi maganar Umma. Ba zan jira ka ba. Tausayi ne ya sa na sayi katifar, don in sallame ka ba tare da nauyi a raina ba. Ba na son wani abu nawa ya zauna a hannunka. Ka yar da ita, kada kuma ka sake nemana."

Na karanta sau ɗaya na tura kafin zuciyata ta hana ni. Layi biyu. Suka koma shuɗi, ya karanta ke nan.

Ya kira. Na kife wayar a kan gado ina jin ta tana rawa. Ya sake kira, ya sake. Na cusa gefen mayafina a baki na cije don kada Umma ta ji sautin da ke fita daga maƙogwarona. Sai kiran ya tsaya.

Da na juya wayar, hoto ne. Katifar a naɗe cikin jakarta, an jingine ta a jikin kwandon shara, gefen wata kujerar ƙarfe. Bai jefa ta ciki ba, ya jingine ta ne a tsaye, da kyau. A ƙasan hoton ya rubuta, "Na gode da kika faɗa min da bakinki. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Nan take na rubuta, "Ƙarya nake, wallahi ƙarya nake." Yatsana yana kan turawa na tsaya. In ya karanta yanzu, taku nawa ne tsakaninsa da kwandon? Komawa zai yi ya ɗauka, yana dariya ma. Dole in jira sai ya shiga jirgi, ƙofa ta rufe a bayansa. Na riƙe wayar da hannu biyu ina kallon kalmomin. Aka kira azahar ban tashi ba. Umma ta leƙo ta ga fuskata ta koma.

Wajen la'asar Yaya Tahir ya ƙwanƙwasa ya ce Ubaidullah ya ji daga wani ma'aikacin tashar cewa jirgin ya ɗaga. Kafin ya rufe baki na tura.

Layi ɗaya, bai shiga ba. Na duba saman shafin, hotonsa ya ɓace, sai farin da'ira. Bai jira sauka ba, ya goge komai tun a tashar. Na kira layin, wata murya ta ce min a kashe yake.

Umma ta shigo da kwanon abinci, ta ɗauki wayar daga cinyata ta karanta dogon saƙon nan na sama. Ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi miki albarka, yau kin yi hankali." Ba ta gangara ƙasa ta ga na ƙarshen ba, ni kuma ba ni da ƙarfin nuna mata.

Na raba shi da katifar, haka ne. Amma yanzu yana can zai kwana a ƙasa da wannan bayan, zai tsaya a gaban masu bindiga yana ganin ba mai jiransa a ko'ina. Lambata tana kansa, na kuma ce kada ya neme ni, Bakri kuwa in an ce masa kada, ba ya yi. Ina tsoro, jama'a. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Na san cikinku akwai 'yan Sudan, akwai masu 'yan'uwa a Sawakin da Bur Sudan da hanyar Gadarif. A gidanmu ba a faɗin tafiyar mutum, yau ni na faɗa, duk abin da baki zai yi ya yi. Dogo ne, baƙi, siriri, sabon aski, yana ɗan jan ƙafar hagu da safe, in zai zauna sai ya dafa ƙugu. Tafin hannunsa duk tabon ƙayar dabino ne. Yana cigiyar wata tsohuwa mai suna Zenabu daga wajen Sinnar.

In kun gan shi ba sai kun yi dogon bayani ba. Ku ce masa Raliya ta Bani Harisa ƙarya ta yi, tana nan tana jira.